Irin Baba a Yashin Kwatano

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Kwatano da hantsi, ni da 'yar jakata da wani ƙulli da na ɗaure a ciki ƙarƙashin riga, har na yi tulu kamar mai juna biyu. Ina sa ƙafa a ƙasa na ji iskar garin ta manne mini a fuska, mai ɗumi, mai nauyi, da ƙarnin kifi a cikinta. Na share goshi, kafin in sauke hannu wani gumin ya sake tsatsowa. A garinmu, can arewa da Dosso, gumi ba ya kai wa haɓa, iska ta shanye shi. Nan kuwa har cikin takalmi yake gangarawa, ba mai shan sa.

Ƙullin nan gero ne, tiya biyu. Irin gidanmu ne, gero mai gashi wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, kuma yana nuna da wuri. Baba ya gaje shi daga kakanmu, kuma yana alfahari da shi fiye da yadda yake alfahari da ni, abin da ban taɓa ganin laifinsa ba, don geron bai taɓa mayar masa da magana ba. A waccan shekarar ruwa ya ƙi. Shuka ta fito ta kai gwiwa, ta tsaya, ta ƙone a tsaye. Da aka share rumbu, abin da ya rage ke nan, sai ɗan dusa. Iyakar Najeriya a rufe take a lokacin, saboda haka aka yanke in tafi cin rani wurin kawuna, ƙanen Inna, wanda ya daɗe a Zangon Kwatano.

Ranar tafiya, da safe, Inna ta ɗauko ƙwaryar irin tana juya ta a hannu. Autarmu na riƙe da zanenta. Yarinyar ba ta daɗe da yaye ba, tana gudunta ko'ina, amma wuyanta ya fara tsawo.

"Malam, ko rabin tiya a bar mini, in riƙa yi wa yarinyar ga kunu," in ji Inna.

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "In aka taɓa rabi yau, gobe a taɓa rabi. In ruwa ya dawo mi za mu sa ƙasa?" Sai ya juyo gare ni. "Kai za ka tafi da shi. In shina gidan ga, cinye shi za mu yi, ni ma ban yarda da kaina ba. Ka kai shi nesa da bakinmu, ka maido mini shi kafin ruwan fari."

Inna ta jawo ƙwaryar irin gabanta. Ta yayyafa masa toka saboda ƙwari, ta yage gefen tsohon zanenta ta ɗinka jaka, ta zuba, ta ɗaura mini a ciki da hannunta. Autar tana kallon geron yana shiga jaka har ƙwayar ƙarshe.

Tafiyar ba zan ce komai a kanta ba sai cewa ta yi tsawo. Bayan babbar mota zuwa Gaya, a ƙetare gada, wata motar zuwa Faraku, sannan jirgin ƙasa mai tsayawa a duk inda ya ga mutum biyu a tsaye. Abin da na riƙe shi ne yadda ƙasa take canza launi ta taga. Da farko ja, sai toka-toka, sai kore ya fara leƙowa a bakin rafi, daga nan ya rufe komai. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ba saniya ko ɗaya a cikinta. Mu da muka bar shanunmu suna cin takarda da tsumma a bola! Na zauna ina jin haushin ciyawar, kamar ita ta sace mana ruwa. Mata na miƙo ayaba da dafaffiyar masara ta taga a kowace tasha, wani dattijo da ke kusa da ni ya saya ya ba ni. Na ci, na ji daɗi ƙwarai, sannan na tuna wuyan autarmu, na ajiye sauran masarar.

Kawu ya gane ni tun daga nesa, ya ce ƙeyar Inna ce a kaina. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi, hularsa ta jiƙe a gefe. Ya taɓa cikina ya ce, "Kai kuma daga ƙasar yunwa da tumbi?" Na gaya masa abin da ke ciki, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. A hanya ya yi ta ja mini kunne. A ƙasar nan, in ji shi, soja ke mulki, kuma sun ce an daina ranka ya daɗe, kowa kamarad ne. In jandarma ya tsayar da ni in ce kamarad, in na shiga ofis in ce kamarad. Ya nuna mini tuta kore mai jan tauraro a saman wani gini. Na ce har dattijo mai furfura? Ya ce har shi, in dai yana da kaki a jiki. Ni da ko sunan yayana ba na kira, na ga lalle na zo wata duniya.

Amma da muka shiga Zango sai na ji kamar an cire mini kaya a ka. Ga sallama da Hausa, ga masu yankan farce a gindin bango, ga mai tsire yana fifita wuta, ga butoci jere a ƙofar masallaci. Hausar ce dai ta sha ruwan teku, rabinta Faransanci, amma ana ganewa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ƙasar unguwar. Yashi ne fari, mai laushi, ƙafa na nutsewa a ciki, sak irin na tudun gonarmu. Na sunkuya na ɗebo na murza a hannu, na ce a raina to, ko ba komai ƙasar tamu ce.

Matar kawu haifaffiyar Zango ce, kakanninta fataken goro ne da suka zo suka zauna, ita kuwa ko Faraku ba ta taɓa wucewa ba. Gajeriya ce mai faɗi, mai murya, tana sayar da waina a ƙofar gida, kuma ba ta iya ganin mutum ba ta tsokane shi ba. Ita ma Inna nake ce mata, ita kuma ta laƙaba mini Ɗan Tudu, sunan da suke ba mu mutanen arewa, tun ranar farko. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai sanda aka aiko mana da riga. Zauna, Ɗan Tudu, mu ga ko za a iya gyara ka." Ta ajiye mini tuwon masara da miyar manja, da kifi guda cur a kai. Na zaci na mutum uku ne, na zauna ina jiran sauran. Ta ce nawa ne ni kaɗai. Na cinye, na suɗe kwanon, kunya ta hana ni ɗaga ido. Abin da yaran gidan suka rage kuwa ta kwashe ta watsa wa agwagi a tsakar gida, ina kallo.

Da la'asar aka yi ruwa. Babu iska, babu tsawa, babu wanda ya fito ya dubi gabas. Sama ta buɗe kawai. A wata irin wannan a garinmu an riga an fid da rai da hadari. Ruwa na kwarara daga kwanon rufi yana bin yashi yana fita titi, ba wanda ya tara ko moɗa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na kwaso bokitai da tukwane da kwanon wanki, har da kaskon wainar matar kawu, ina jerawa a ƙarƙashin indararo, na jiƙe sharkaf. Matan gidan suka fito bakin ƙofa suna dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan Tudu, wa za ka sayar wa?" in ji matar kawu. "Zo ka ga."

Ta ja ni bakin rijiyar gidan. Ruwan na nan kusa, in ka kwanta da ciki ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Tamu rijiyar sai an haɗa igiya da igiya, jaki ya ja, a fito da rabin guga na laka. Na tsaya ina kallon fuskata a cikin ruwan, raina ya ɓaci, ban san da wa nake fushi ba. Na ce mata Allah zai tambaye su ruwan nan da suke zubarwa. Ta ce to, in ya tambaya za ta turo shi wurina, tun da ni na tara.

An ba ni wuri a ɗakin baƙi da ke bayan gida, ɗakin kwano ne mai daɓen yashi, mu da yawa, 'yan cin rani daga ko'ina, kowa da tabarmarsa. Ban yarda da kowa ba. Na san abin da yunwa take sa mutumin kirki ya yi, kuma a jirgi na ji ana cewa jandarmomi na ƙwace hatsin da aka ɓoye. Kawu ya ce in ba matarsa ta ajiye mini. Na ce a'a, amana a hannuna aka sa ta. Gaskiyar magana, macen da ke ba agwagi tuwo ban ga yadda zan ba ta irin Baba ba.

Washegari da rana, da ɗakin ya watse, na yi abin da kowane ɗan gidanmu zai yi. A wurinmu in kana son hatsi ya kwana lafiya, daga ɓarawo da ɓera da wuta, rami kake tona masa a cikin ɗaki, ka zuba toka, ka rufe, ka shimfiɗa tabarma a kai. Kakata ta taɓa tono gero da ya shekara uku a ƙasa, aka daka aka sha fura. Na ɗaga tabarmata a kusurwa, na tona da hannu har gwiwar hannu. Yashin ƙasan da ɗan sanyi, na ji shi sarai, na ma ji daɗi, na ce iri na son wuri mai sanyi. Na ɗebo toka a murhun waina na zuba, na kwantar da jakar, na rufe, na daddale. Na tashi ina jin kaina wani mai wayo.

Kawu ya sama mini dako a Misebo, wurin dilolin gwanjo. Aikin da nauyi, amma ana ci. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da garin rogo da mai, ga kwakwa ana fasa maka ka shanye ruwan ka kankare farin da ɓawonta. Ranar Juma'a bayan masallaci kawu ya kai ni bakin teku. Na tsaya nesa, don ban yarda da ruwan da ke tafiya yana dawowa da kansa ba. Na tambaya ina gaɓar can, ya ce babu. Na ɗanɗana, na tofar. Duk wannan ruwa, ko akuya ba za ta sha ba. Ranar Asabar kuma aka fito da mu sharar titi, wani saurayi mai jan ƙyalle a hannu yana ta ihu a lasifika, muna amsawa da abin da ba mu san ma'anarsa ba. Na yi dariya a ranar har da hawaye. Ina cikin dariyar na tuna ban yi tunanin gida ba tun safe, sai na ji kamar na yi sata.

Garin ya yi ta gaya mini, ni ne ban ji ba. Rigar da na wanke ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Ashana ta ƙi kamawa. Gishirin matar kawu kullum a gefen murhu yake, in ta matsar da shi sai ya koma ruwa. Takalmin fatar da na zo da shi na tura ƙarƙashin jaka, da na ciro shi ya yi furfura kore. Duk na gani, na yi ta mita ina cewa wannan wace irin ƙasa ce, komai nata jiƙaƙƙe. Ko sau ɗaya tunanina bai gangara ƙarƙashin tabarmar da nake kwana a kai ba. Kullum in na dawo sai in taka wurin da ƙafa, in ji shi daidai, in ce amana na nan.

Wata safiya, bayan an kwana biyu ana ruwa, ina naɗe tabarma sai na ga wasu 'yan zare farare sun huda yashi a kusurwar, masu ɗan rawaya a kai, sun lanƙwashe saboda nauyina. Ɗan manomi ba ya bukatar a gaya masa mene ne wannan. Na durƙusa na hau tono kamar kare. Ramin ya cika da ruwa daga ƙasa. Jakar ta kumbura ta yage, saiwoyi sun fito ta kowace kafar ɗinkin Inna sun kama yashi. Da na ɗago ta sai wari ya bugo ni, tsami irin na gidan giya. Na waje ya tsira, na tsakiya ya dame ya yi baƙi, yana bin yatsuna.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga matar kawu a bakin ƙofa da ludayin ƙullu a hannu. Ta fara dariya, "Ɗan Tudu, noma kake a ɗaka?" Sai ta ga fuskata, ta ajiye ludayin.

"Binne shi ka yi? A Kwatano? Wayyo ɗana. Nan ko muciya ka kafa a ƙasa sai ta yi ganye. Me ya hana ka tambaya?"

Na ce, "Yashin irin namu ne."

"A ido," in ji ta.

Na zauna a ƙasa da jakar a cinya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ba Baba nake gani ba, autarmu nake gani tana bin geron da ido. An hana ta rabin tiya don a tsira da iri, ni kuma na kawo tiya biyu ƙasar da ake ba agwagi tuwo na ruɓar da shi, ina kwance a kansa da cikina cike da wake.

Matar kawu ba ta rarrashe ni ba. Ta ce in tashi, kuka ba ya tsince hatsi. Ta kawo faranti, muka zauna a tsakar gida muna ware masu rai ɗaya bayan ɗaya, wainarta na ƙonewa a waje. Ruɓaɓɓen ta kwashe, kafin in buɗe baki ta watsa wa agwagi, suka yi caa a kai. Na kau da kai. Masu tsiron muka kai bayan makewayi, wani ɗan fili a jikin katanga inda rana ke samu, na yi kunya-kunya da hannu na dasa su. Da kawu ya dawo ya ji, ya ce kada in damu, gero cike yake a kasuwar Tokpa, a sayo tiya biyu a ɗinka wata jaka, wa zai sani? Na ce Baba zai sani tun kafin ya kwance bakin jakar, kuma ko bai sani ba, tsuntsaye za su gaya masa da kaka.

Yawancin waɗanda na dasa sun mutu a makon farko. Waɗanda suka kama suka yi tsawo na hauka, suka wuce katanga, ganye faffaɗa, kara siriri. Da ruwa ya ɗauke na riƙa ba su da bokiti safe da yamma, daga rijiyar nan da ake taɓawa da hannu. Na kewaye su da tsofaffin buhunan gwanjo saboda awakin unguwa, na yi faɗa da maƙwabta biyu a kansu, ɗaya har aka kai mu gaban mai unguwa. Mutanen Zango suka riƙa leƙowa ta katanga suna kallon mahaukacin da ke noman gero a bayan makewayi. Tsofaffin da suka baro arewa da daɗewa su ba sa dariya. Wani ya tsaya ya shafa zangarniya, gashinta ya soke shi, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana saurayi. Raɓa ta baƙanta rabin zangarniyun. Sauran na yanke, matar kawu ta rataye mini su a saman murhu, kusa da gishirinta, ta ce nan ne kaɗai wurin da ya bushe a ƙasar nan. Da na murje na sheƙe, abin da ya fito bai cika tafin hannuna biyu ba.

Na koma gida kafin ruwan fari, kamar yadda aka ce, da buhun masara da 'yan gwanjo da ɗan ƙullin geron da na samu a aljihun gaba. Garin ya yi shiru, gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya. Na tarar da Baba a zaure, rigarsa ta yi masa yawa. Bayan gaisuwa bai tambayi buhun ba, ya miƙo hannu. Na sa masa ƙullin. Ya auna shi a tafinsa, ya kwance, ya kai kusa da ido.

"Shi ne," ya ce. "Sauran fa?"

Na gaya masa duka, ban rage ba.

"Ƙasa ta ci ke nan, ba mutum ba?"

"Ƙasa da agwagi, Baba."

Ya daɗe yana kallon geron. Sannan ya ƙulle shi, ya sa a aljihu, ya ce in shiga in gai da uwata.

Tana zaune a inuwar rumbu. Autar na gefenta, gashinta ya yi ja, ya kakkarye. Na bar ta tana gudu, na tarar da ita tana jan gindi, kuma da na miƙa hannu ta ɓoye fuska a bayan Inna. Na durƙusa, na buɗe baki in faɗi maganar irin, in ce rabin tiyar nan da ta roƙa ga inda ya ƙare. Inna ba ta bari na fara ba. Ta kama fuskata da hannu biyu, hannuwan duk ƙashi, ta shafa kumatuna, ta matsa damtsena, tana murmushi da gaskiyarta.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Dubi yadda ka yi kyau. Lalle ƙasar ta karɓe ka."